Wane Gwajin DNA Ya Dace da Mai Bin Salsalar Uba?

Duk wanda ya yi niyyar kashe kuɗinsa a kan gwajin DNA domin bin diddigin tsatson mahaifinsa, abin da ya kamata ya fara tsayarwa shi ne tambayar da yake so a amsa masa, domin kamfanonin da ke wannan sana'a suna sayar da gwaje-gwaje masu kama da juna a talla, alhali kowanne yana da iyakar abin da zai iya faɗa. Mutumin da ke son tabbatar da cewa gidansu na Katsina da wani gida na Maraɗi kakansu ɗaya, kamar yadda tsofaffin gidajen biyu suke faɗa, buƙatarsa daban ce da ta wanda yake son sanin reshen da zuriyarsa ta fito daga cikinsa shekaru dubu biyar da suka wuce. Idan aka sayi gwajin da bai dace da tambayar ba, sakamakon zai zo daidai, amma ba zai amfanar da komai ba.

Tushen dukkan gwaje-gwajen tsatson uba shi ne kuromosom na Y, wato wani ƙunshi na ƙwayoyin gado a jikin mutum, wanda maza kaɗai suke da shi, kuma ɗa yake gadonsa daga ubansa kusan ba tare da sauyi ba. Mace ba ta da shi, saboda haka idan ita ce ke binciken, sai ta nemi mahaifinta, ko ɗan'uwanta da suke uba ɗaya, ko baffanta, ko ɗan baffanta ya yi gwajin a madadinta. Kawunta da ɗanta na cikinta ba za su yi ba, domin kowannensu tsatson wani gida yake ɗauke da shi. Ya kamata kuma a san ƙanƙantar abin da ake bi: idan aka koma baya zuriya 10, mutum yana da gurbin kakanni 1,024, kuma mutum ɗaya tak daga cikinsu ne ya ba shi kuromosom na Y. Gwajin ba ya cewa komai game da sauran.

Wannan ne ya sa gwajin da aka fi tallatawa, irin na AncestryDNA da MyHeritage, ba shi ne abin nema a nan ba. Shi yana duba gadon da ya zo ta ɓangaren uwa da uba a gauraye, yana fito da dangi na kusa har zuwa zuriya biyar ko shida, sannan ya ba da kason yankunan asali. Ancestry ya daina sayar da gwajin Y tun 2014. 23andMe da Living DNA suna ƙara wa mai saye sunan babban reshen zuriyarsa ta uba, abin da masana ke kira haflogurup, amma sau da yawa reshen da suke bayarwa ya shekara dubbai, kuma ba sa haɗa mutum da wasu ta tsatson uba. Haka nan gwajin tabbatar da uban yaro da ake yi a ɗakunan gwaji na Legas da Abuja wani abu ne daban, domin shi tsakanin uba da ɗa yake aiki, ba ya wuce nan.

Gwajin Y na ainihi iri biyu ne, kuma fahimtar bambancinsu ita ce rabin zaɓin. Na farko shi ne na alamomin STR. A wasu wurare na kuromosom ɗin akwai gajeren jerin haruffan gado da ke maimaita kansa, sai a ƙirga sau nawa ya maimaitu. A wurin da ake kira DYS393, alal misali, wani namiji yana da 13, wani yana da 14. Sakamakon jeri ne na lambobi kawai, kuma ba shi da ma'ana sai an aza shi kusa da na wani. Waɗannan lambobi suna sauyawa da ɗan sauri, suna iya ƙaruwa a wata zuriya sannan su ragu a wata, shi ya sa mutum biyu da ba su haɗa kaka ba a shekaru dubu suna iya dacewa a kan alamomi kaɗan bisa katari. Na biyu shi ne na alamomin SNP, wato sauyin harafi guda a wani wuri, wanda yakan faru sau ɗaya a jikin namiji ɗaya, daga nan duk 'ya'yansa maza da jikokinsu su gaje shi, kamar kuskuren mai kwafar littafi da hannu wanda duk wanda ya kwafa daga wurinsa zai ɗauka. Da irin waɗannan sauye-sauye aka gina bishiyar zuriyar maza ta duniya, kuma su ne suke nuna wane reshe ya fita daga wane, da kuma kimanin lokacin da aka rabu.

Kamfanin da ya fi kowa rinjaye a wannan fanni shi ne FamilyTreeDNA da ke Houston a jihar Texas ta Amurka, wanda Bennett Greenspan ya kafa a 2000. Yana sayar da Y-37 mai alamomin STR 37, da Y-111 mai 111, da kuma Big Y-700 wanda ya fito a 2019 bayan Big Y na farko na 2013. A 'yan shekarun nan farashinsu na yau da kullum ya kasance kimanin dala 119, da 249, da 449, kuma ana yin rangwame mai tsoka sau da yawa a shekara, musamman a ƙarshen Afrilu, da watan Yuni, da kuma daga Nuwamba zuwa ƙarshen shekara. Ga mai biya daga naira ko sefa, jiran rangwamen ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Y-37 gwaji ne na eh ko a'a, kuma a wannan aiki ya isa. Idan aka gwada namiji ɗaya daga gidan Katsina da namiji ɗaya daga gidan Maraɗi, kuma da gaske ne kakansu ɗaya a cikin shekaru 200 da suka wuce, mafi yawanci za su dace gaba ɗaya ko su bambanta a alama ɗaya zuwa uku. Kamfanin yana nuna mutum biyu a matsayin masu dacewa idan tazararsu ba ta wuce 4 ba a kan alamomi 37. Idan kuwa suka bambanta a alamomi goma sha biyar, magana ta ƙare: ba su haɗa tsatson uba ba a cikin zamanin da tarihin gida zai iya tunawa. Rauninsa shi ne bai iya faɗin lokaci da kyau. Dacewa 36 cikin 37 tana iya nufin kaka na huɗu, tana kuma iya nufin na goma sha biyu. Ba ya kuma tabbatar da reshe. Hasashensa kawai yake yi daga lambobin, kuma reshen da yake hasashe babba ne ƙwarai.

Y-111 shi ne wanda na fi ganin ba shi da gurbi a yau. Yana tace jerin masu dacewa, yana fitar da waɗanda suka shigo bisa katari, kuma yana da amfani ga mutumin da Y-37 ya kawo masa ɗaruruwan sunaye, kamar yadda yake faruwa ga zuriyar Birtaniya da Ayalan. Wanda tsatsonsa na Afirka ta Yamma ne ba kasafai yake fuskantar wannan matsala ba. Tasa matsalar ita ce ƙarancin sunaye, kuma ƙarin alamomin STR ba ya haifar da dangin da ba su yi gwaji ba. Tun da Big Y-700 ya ƙunshi waɗannan alamomi 111 a cikinsa, wanda ya riga ya iya biyan dala 249 gara ya jira rangwame ya sayi babban gaba ɗaya.

Big Y-700 yana karanta miliyoyin haruffa na kuromosom ɗin, yana duba alamomin SNP da aka sani, sannan yana gano sababbi waɗanda ba a taɓa gani a jikin kowa ba, ban da alamomin STR aƙalla 700 da sunansa yake nuni a kai. A ƙiyasin kamfanin, sabon sauyi yana bayyana a wannan ɓangare na kuromosom ɗin kusan sau ɗaya a kowace shekara 80 da 'yan kai, wato bayan zuriya biyu ko uku, saboda haka idan maza uku ko huɗu na dangi ɗaya suka yi shi, ana iya ganin reshen da ya keɓanta da kakan kakansu, har a bambanta zuriyar wa da ta ƙane. Babu wani gwajin STR da zai yi wannan. Amma akwai sharaɗin da talla ba ta cika bayyanawa ba: reshe ba ya samun suna a bishiyar sai maza biyu aƙalla sun dace a kan sauyin. Mutumin da ya yi shi shi kaɗai, daga zuriyar da babu wanda ya taɓa gwadawa, zai iya samun kansa a ƙarƙashin reshe mai shekara 2,000 ko 3,000, da jerin sauye-sauye na kansa masu jiran wanda zai zo ya dace da su. Ba asara ya yi ba, domin bayanin yana nan, kuma ranar da wani ya zo reshen zai tsaga, amma wanda ya sa ran ganin sunan kakansa a makon da sakamako ya fito zai ji an yaudare shi.

A nan ne batun rumbun bayanai yake shigowa, kuma a ganina ya fi batun yawan alamomi nauyi. Yawancin waɗanda suka yi gwajin Y 'yan asalin Turai ne, sai kuma Larabawan yankin Gulf, waɗanda suka rungumi Big Y sosai saboda sha'awar nasabar ƙabilu, har reshen J1 ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi tsefewa a bishiyar. Mutanen Afirka ta Yamma da ke zaune a gida kaɗan ne a ciki. Bahaushen da ya faɗa a reshen E-M2, wanda ya fi kowane yawa a Afirka ta Yamma, zai fi yiwuwa ya tarar da masu dacewa da shi baƙaƙen fata ne na Amurka ko Karibiyan ko Barazil, jikokin waɗanda aka kwashe a cinikin bayi. An san an kai Hausawa da yawa Bahia a farkon ƙarni na 19. Su waɗannan jikoki a wurinsu samun mutumin da ya san garin kakansa babban rabo ne, kuma zai iya samun saƙonni daga gare su. Shi kuwa a wurinsa, ba su da abin da za su ƙara masa game da gidan su. Akwai kuma wata hanya da Turawa ke dogara da ita wadda ba ta yi mana aiki: suna haɗa ƙungiyoyin bincike bisa sunan dangi da ake gado ɗaruruwan shekaru, mu kuwa sunan mutum na biyu yakan zama na mahaifinsa ko na garinsu, yana sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Ƙungiyoyin da suka dace da mu su ne na reshe ko na yanki, kuma shiga su kyauta ne.

Abin da wannan ke nufi shi ne, wanda ke bin salsalar gidansu dole ne ya kawo abokan gwajinsa da kansa. Maza biyu daga ɓangarori biyu masu nisa na dangi a kan Y-37 sun fi namiji ɗaya a kan Big Y-700 amsa tambayar gida, kuma kuɗinsu bai kai nasa ba. Gwada wa da ƙane ko uba da ɗa ɓarnar kuɗi ce, tun da sakamakonsu ɗaya zai zo. Wanda ake nema shi ne mafi nisa da aka tabbatar, kamar jikan ƙanen kakan kaka, domin idan shi da kai kuka dace, an tabbatar da lambobin wannan kaka da kuka haɗa, kuma duk wani gida da ke iƙirarin dangantaka sai a auna shi da su. Daga baya sai a ɗaga gwajin mutum ɗaya ko biyu zuwa babban. Kamfanin yana ajiye samfurin shekaru da yawa, ana kuma iya ɗaga gwaji ba tare da sabon samfuri ba, abin da ya sa ya fi kyau a fara da dattijon da ya fi kowa tsufa tun yana raye.

Sunan reshe shi ne abin da ya fi rikita mutane, kuma a nan gwaji mai zurfi yake nuna fifikonsa. A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa reshen R-V88 yana da yawa a tsakanin masu harsunan Cadi, dangin harsunan da Hausa take ciki, har ya haura kashi 90 cikin 100 a wasu ƙananan al'ummomi na arewacin Kamaru. Wani bincike na 2008 ya same shi, ƙarƙashin babban sunansa, a kusan kashi 40 cikin 100 na Hausawan Sudan da aka gwada. R-V88 ɗan'uwa ne na nesa ga R-M269, reshen da ya mamaye yammacin Turai, kuma dukansu suna ƙarƙashin R1b. Gwaji mara zurfi zai iya rubuta wa Bakano R1b ya tsaya nan, shi kuma ya karanta a intanet cewa reshen Turawa ne, ya fara zargin kakanninsa. Alhali zuriyar tana yankin Sahara da tafkin Cadi tun dubban shekaru, lokacin da hamadar take da tafkuna da ciyayi. Haka nan ba hujja ba ce ga labarin Bayajidda, domin shigowarta ta riga gina Bagadaza a shekara ta 762 da dubban shekaru.

Irin wannan taka-tsantsan ake buƙata game da J1. Reshe ne da ya girmi Musulunci da dubban shekaru, ana samunsa a tsakanin Larabawa da Yahudawa da mutanen Habasha da Sudan da tsaunukan Kokesos, saboda haka samunsa kaɗai bai tabbatar da sharifci ba. Akwai masu bincike na sa-kai da suke danganta wani ƙaramin reshe a ƙarƙashinsa ga Banu Hashim, amma sun gina hakan ne a kan sakamakon mutanen yau masu iƙirarin nasabar, kuma gidajen da ke wannan iƙirari sun faɗa a rassa daban-daban. Ko a inda ake da abin kwatantawa ma, gwajin yana da iyaka. Binciken 1998 a kan zuriyar Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya nuna cewa wani jikan Sally Hemings, baiwar Jefferson, yana ɗauke da kuromosom na Y irin na gidan Jefferson, amma gwajin da kansa bai iya cewa Thomas ne uban ko wani namiji na gidan ba. Sai da aka haɗa da bayanan tarihi.

Akwai hanyoyi a wajen FamilyTreeDNA, kuma kowace da mai dacewa da ita. YSEQ na birnin Berlin, wanda Thomas da Astrid Krahn suka kafa, yana gwada alamar SNP guda ɗaya a kan kimanin dala 20, kuma wannan hanya ce mai arha ƙwarai bayan an yi babban gwaji: idan an gano sauyin da ya keɓanta da gidanku, sai a duba shi kaɗai a jikin sauran dangi. Kamfanonin da ke karanta dukkan ƙwayoyin gadon mutum, irin su Dante Labs, suna ba da bayanin Y mai faɗi, amma ɗanye ne, sai an ɗora shi a shafin intanet na YFull an biya kuɗin fassara, kuma ba ya shiga rumbun masu dacewa na FamilyTreeDNA, wanda ya fi girma nesa ba kusa ba. Hanya ce ta wanda ya saba da kwamfuta kuma yake da haƙuri. African Ancestry, wanda Rick Kittles da Gina Paige suka kafa a 2003, yana sayar da gwajin tsatson uba da ke ba mutum sunan ƙasa da ƙabila. An yi shi ne domin baƙaƙen Amurka da suka rasa asalinsu, masana sun soki yadda yake yanke hukunci a kan alamomi kaɗan, kuma wanda ya riga ya san ƙabilarsa da garinsu ba shi da abin saye a can.

Ɗaukar samfurin ba wuya. FamilyTreeDNA yana aiko da tsinke mai ɗan buroshi a kai, a goga shi a cikin kunci, a karya kan a cikin ƙaramar kwalba mai ruwan adanawa, a rufe. Ya fi sauƙi ga tsoho a kan cika bututu da yawu. A bari a yi kamar awa ɗaya ba a ci ba a sha ba, ba a kuma tauna goro ba, kuma a tabbatar lambar da ke jikin kwalbar ta dace da sunan wanda aka rubuta mata, domin inda ake gwada maza uku a zaure ɗaya musanya kwalba abu ne mai sauƙin faruwa. Sakamakon STR yana ɗaukar makonni, na Big Y kuwa yakan haura wata biyu, ban da lokacin da saƙo zai yi a hanya. A Faransa doka ta hana irin wannan gwaji na ƙashin kai, har da tarar yuro 3,750, abin da ya shafi 'yan'uwa mazauna can.

Kafin a goga tsinke a bakin kowa, ya kamata a zauna a yi shawara a kan abin da za a yi idan aka samu rashin dacewa, domin yana faruwa ko a gidajen sarauta. Da aka tono ƙasusuwan Sarki Richard na Uku na Ingila a Leicester a 2012, kuromosom ɗinsa na Y bai dace da na mazan gidan Somerset ba, waɗanda takardu suka ce tsatsonsu ɗaya da shi, kuma ba a iya nuna a wace zuriya salsalar ta yanke ba. A ƙasar Hausa dalilan da ke kawo haka suna da yawa waɗanda babu abin kunya a cikinsu: ɗan riƙo da ya tashi yana amsa sunan mai riƙonsa, agolan da aka haɗa da 'ya'yan gida, almajirin da ya zauna har ya zama ɗan gidan malaminsa, bara ko bacucanen da zuriyarsa ta narke cikin ta ubangidansa, ko nasabar da ta ratsa ta mace sau ɗaya aka manta. Amma jama'a ba waɗannan suke fara kawowa a rai ba, kuma zargin yakan faɗa kan matar da ta daɗe da rasuwa. A shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta yanke cewa ba a amfani da gwajin DNA wajen kore nasabar da ta tabbata ta hanyar shari'a. Saboda haka sakamakon bayani ne na tarihi, ba takardar rabon gado ko ta neman sarauta ba, kuma dattijon da za a gwada yana da haƙƙin a faɗa masa duk wannan a fili kafin ya amince.

Sauran abin dubawa shi ne amanar bayanan. A 2019 ta bayyana cewa FamilyTreeDNA yana barin hukumar FBI ta Amurka ta yi amfani da rumbunsa wajen binciken manyan laifuka, daga baya ya ba masu saye damar cire kansu daga wannan tsari. An yi wa 23andMe kutse a 2023 wanda ya shafi bayanan mutum kusan miliyan 6.9, kuma kamfanin ya shigar da takardun karyewa a Maris na 2025. Rumbuna ma suna ɓacewa: na gidauniyar Sorenson an sauke shi daga intanet a 2015, na Ysearch aka rufe shi a 2018. Tun da kuromosom na Y na mutum ɗaya ne da na 'yan'uwansa maza duka, wanda ya ɗora nasa ya ɗora nasu. Da zarar sakamako ya fito, a sauke lambobin STR da jerin SNP a ajiye a gida, a buga su a takarda, a rubuta sunan wanda zai gaji asusun idan mai shi ya rasu, sannan a cike gurbin kaka mafi nisa da aka sani da sunansa da garinsu da kimanin zamaninsa, domin wannan gurbi shi ne abin da wanda zai dace da ku bayan shekara goma zai fara karantawa.